Gudumar Baba a Bakin Teku

Tun ranar da na dawo daga Kotonu ban huta da tambaya ba. Zainabu ta tare ni a bakin famfo, Balkisa ta biyo ni har ɗaki, malaman da muke koyarwa tare a Garu kuwa kowa da irin tasa: yaya teku take, da gaske ne jirgin ya fi masallacin Juma'a tsawo, an bar ni na taɓa bindiga? Na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na ba da labarin sai in ga na bar wani abu a baya. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya. Wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata takarda in koma in kwanta, don har yau ƙafafuna ba su gama saɓewa daga kumburin mota ba.

Da farko ku sani ba kallo na je ba. Aikena aka yi.

Wanda ya san gidanmu ya san Baba masassaƙin jirgi ne a bakin kogi, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Yana da wata 'yar guduma, kanta ƙarfe, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Babu ɗan gidanmu da ya taɓa sa ƙafa cikin jirgi, ko na wane ne, sai Baba ya zagaya shi da gudumar nan. Ya buga goshi, ya buga ciki, ya buga baya, ya rufe ido ya saurara. Katako mai lafiya amsawa yake da murya tas. Wanda ruwa ya ci daga ciki kuwa sai ya amsa kamar mai mura. In Baba ya ji abin da bai gamsu da shi ba, sai ya zagaye wurin da gawayi, kuma ba mai shiga sai an gyara.

Wana, Yaya Idi, shi kowa ya sa ran zai gaji gudumar. Sai ya tafi ya shiga sojan ruwa, shekara biyu ke nan. Baba bai zage shi ba, bai kuma hana shi ba. Abu ɗaya ya riƙe, wato albarka. Ya ce shi bai saba cewa "Allah ya kiyaye hanya" a kan jirgin da bai ji muryarsa ba, kuma ba zai fara da ɗan cikinsa ba. Haka aka zauna. Yaya Idi ya kira waya ya gaisa da Inna, ya gaisa da ni, in an miƙa wa Baba sai ya amsa gaisuwa ya miƙo.

Sai ga labari cewa jirginsu zai yi tafiya mai nisa, makonni a tsakiyar ruwa inda waya ba ta kamawa, kuma ranar Litinin da ƙarfe goma na safe za su tashi. Daga ranar Inna ta daina cin abincin kirki. Baba kuwa gwiwa ta hana shi doguwar mota, ido ma ya fara yi masa hazo. Ranar Laraba da la'asar ya kira ni rumfarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ke kinka yi karatun lakwal, kin iya Faransancinsu. Ki tahi da wagga ki buga mini shi. Goshi, ciki, baya. Ki saurara da kyau."

Na ce, "Baba, in na je sai in kira ka a waya in buga kana ji da kunnenka."

"Waya ba ta da kunne, hanci gare ta. Kowa ya yi magana cikinta sai ka ce mura ta kama shi. Ki dawo ki zamna gabana ki gaya mini."

Ya naɗe gudumar cikin tsumma ya ɗora mini a tafin hannu. Ta fi yadda nake zato nauyi.

Ranar Alhamis bayan asuba muka bar Malanbil. Inna ta haɗa ni da rabin buhun albasa na Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba da ke zaune a Zangon Kotonu, da ƙullin busasshen kifi da yaji na Yaya Idi. Na zo da littafin da nake rubuta 'yan waƙoƙina, ina cewa a raina zan cika shi a hanya. Ko layi ɗaya ban rubuta ba. Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa, Hajiya Safiya, mai sarin atamfa, wadda ta biya kujera ɗaya ta zauna a ɗaya da rabi. Kafin mu kai Gene ta san sunana, da sunan uwata, da albashina. Tana magana tana tsallakawa daga Hausa zuwa Dandanci, yaren mutanen yankinmu, ba tare da ta lura ba.

"Ɗiyata, miji za ki gani a Kotonu?"

"A'a Hajiya, jirgi."

"Jirgi? Ke da kinka baro kogi cike da jirage? Yaran zamani dai!"

Kusa da Kandi aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya sauka da katinsa da jakarsa. Wani jandarma matashi ya zura hannu cikin jakata, ya zaro tsumman, ya warware. Ya dubi gudumar, ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci kan wa zan fasa. Yaya zan fara bayyana masa cewa jirgin yaƙi zan je in ƙwanƙwasa? Hajiya Safiya ce ta cece ni. Ta turo kai ta ce, "Haba ranka shi daɗe, dubi hannunta kamar sillen kara. Kwakwa za ta hwasa, an ce can ƙasa kwakwa ba ta da kuɗi." Ya yi dariya ya miƙo mini. Da muka koma mota ta ce to yanzu sai in gaya mata gaskiya, tunda ta yi ƙarya dominta. Na gaya mata. Can sai ta ce, "Tsohonku yana da taurin kai. Amma nawa uban ko sunan motar da nike shiga bai taɓa tambaya ba."

A Paraku aka ba mu minti ashirin mu ci abinci. Na sayi sakwara da miyar wagashi, cukun Fulanin nan da ake soyawa, na dala ɗari da hamsin. Loma ta uku direba ya danna oda. Na bar kwanon ina waiwayensa. Daga nan ruwan sama ya same mu, kuma ashe tagar da nake jingine da ita tana yoyo. Na isa Dasa gefen zanena sharkaf, masu tallar garin rogo suna turo mana leda ta taga kamar za su cusa mana a baki. Abin da na lura da shi kawai a hanyar shi ne yadda itatuwa suke ta matsowa, sama tana ta ƙanƙancewa. Mu da muka saba ganin hadari tun yana Gaya a ƙetaren kogi, can sai ya zubo a kanka kafin ka san ya haɗu.

Bayan isha muka shiga Kotonu. Gwaggo Hajo ta tarbe ni, ta duba albasa kafin ta duba ni, ta ce Inna ta zaɓo mata ƙanana. Ɗakinta ɗaya ne da 'yar baranda, mu huɗu a ciki da jikokinta biyu mata. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa lulluɓe ka yake kamar jiƙaƙƙen bargo. Zanen da na shanya daren Alhamis bai bushe ba har na baro garin.

Mutanen can suna da abin mamaki. Gaisuwa kalma biyu ce, an wuce. Na tsaya ina tambayar wata mai shago gida da yara da gajiya, ta tsura mini ido tana jira in faɗi abin da zan saya. Masu kabu-kabu, da suke kira zem, duk riga rawaya suke sawa, in sun taru a mahaɗar hanya sai ka ce gonar da ta yi fure ta tashi tana gudu. Mata suna tuƙa baburansu da goyo a baya, ba mai ko kallonsu. Da safe Gwaggo ta ba ni akasa, wani farin tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifin teku. Kifin ya fi namu nama, amma ba shi da zaƙin na kogi. Na faɗi haka, Gwaggo ta ce, "Ɗiyar ubanta. Ci ki yi shiru."

Ranar Juma'a na hau zem zuwa barikin sojan ruwa, na ƙanƙame jaka da hannu ɗaya, mayafi da ɗaya. A ƙofa aka ce mini iyalai sai gobe Asabar, yau ana lodin kaya. Na kira Yaya Idi bai ɗauka ba. Na tsaya cikin rana har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, sannan na haƙura. Tunda na riga na fito, sai na ce wa mai zem ya kai ni in ga teku.

Kun tambaye ni yaya take. Na daɗe ina tanadin kalmomi saboda ranar da zan gan ta, amma da na tsaya a gabanta duk suka watse. Ba kyanta ne ya kama ni ba. Abin da ya kama ni shi ne ba ta da ƙetare. Mu kogi muka sani. Kana tsaye a gaɓarmu kana hango ta Gaya, in jirgi ya kife akwai inda za a nufa, akwai masu gani su kawo ɗauki. Wannan kuwa ruwa ne har inda ido ya mutu, yana ta zuwa yana faɗuwa yana komawa kamar mai neman abin da ya yar. A nan na fara gane Baba. Na koma Zango da ciwon kai da yashi cikin takalmi.

Asabar da hantsi na koma. Wannan karon akwai mata da tsofaffi da yara a layi, kowa da ƙullinsa. Aka karɓi katina, aka buɗe jaka, aka bar kifi da yaji suka wuce, aka riƙe guduma. Sojan ƙofa ya ce ba a shiga da makami. Na ce ba makami ba ne. Ya ce to mene ne? Na ce kunnen babana ne. Bai yi dariya ba, ya jefa ta cikin wani kwali tare da wuƙaƙen yanka lemo da almakashin wata tsohuwa.

Sai ga Yaya Idi cikin kakinsa. Ya rame, ya yi baƙi, wuyansa ya yi tsawo. Ya karɓi kifin ya sunsuna, ya tambayi Inna, ya tambayi kogi ko ya cika. Bai tambayi Baba ba. Ni na ce masa, "Baba ya aiko ni da guduma, ga ta can an riƙe."

Ya tsaya cak. "Gudumarshi? Ya ba ki ita a hannu?"

"Ya ba ni."

"Ni ko taɓa ta bai bari in yi ba sai yana tsaye." Ya juya fuska wajen ruwa, ya ce, "To, taho ki ga jirgin dai."

Bai kai masallacin Juma'a ba, Zainabu, amma ya fi duk abin da na taɓa gani yana iyo. Launinsa toka-toka ne daga sama har ƙasa. Yaya Idi ya ce da gangan ne, don in yana nesa ya saje da ruwa da sama. Jikinsa babu ado ko ɗaya, ba kamar jiragenmu da ake rubuta wa addu'a da sunan mai shi ba. Bangon ɗakunan sama ma a karkace suke, wai don na'urar maƙiyi da ke laluben jirage daga nesa ta kasa kama shi sosai. Akwai bindiga a gaba an rufe ta da tamfol, ba a bar kowa ya matsa ba. Muka taka wata siririyar gada muka shiga. Ƙofofin ciki duk masu kauri ne, da hannu kamar sitiyari, kuma sai ka ɗaga ƙafa ka tsallaka. Na buga ƙaurina sau biyu. Ya ce cikin jirgin a yanke yake ɗaki-ɗaki, in ruwa ya fasa ɗaya sai a murɗe ƙofarsa a bar shi can, sauran su riƙe jirgin.

Jirgin yana ɗaure a gaɓa, ko motsi na kirki ba ya yi, amma warin mai da fenti da wannan ɗan lilon suka juya mini ciki. Na dafa bango na durƙusa. Wasu abokan aikinsa suka ce, "Idi, ba kai ka ce gidanku gidan jirgi ne ba?" Kunya ta ishe ni.

Wanda ya miƙo mini ruwa wani dattijo ne gajere mai furfura, rigar aikinsa duk mai. Yaya Idi ya ƙame ya gaishe shi, ya ce mini wannan shi ne Shef Kojo, babban makanikin jirgin, mutumin kudu. Da Faransanci muka yi magana. Ya tambayi daga ina, na ce Malanbil. Ya ce tun daga can don kawo kifi? Ban san abin da ya sa ba, wataƙila gajiya ce, sai na kwashe labarin duka na gaya masa, Yaya Idi yana ta yi mini ido in yi shiru. Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce shi ma mahaifinsa masunci ne a tafkin bayan gari. Sannan ya goge hannu ya ce mu jira shi. Ya sauka, ya nufi ƙofa, ya dawo da gudumar Baba a hannu. Ya ce shi makaniki ne, an yarda ya riƙe guduma.

Ya juya ta, ya shafa ƙotar da babban yatsa, ya ce wannan ta yi aiki. Muka bi shi ƙasa ta wani tsani mai tsayi, har inda ya ce yanzu ruwa yana sama da kanmu, a bayan wannan bangon. Yana tafe yana bayani. Gangar jikin jirgin ƙarfe ne mai kauri, an yanka shi falle-falle an yi masa walda a ƙasar da aka ƙera shi. Ɗakunan sama kuwa na sanholo ne, irin na tukwanenmu amma mai ƙarfi, don kada kai ya fi gindi nauyi igiyar ruwa ta kifar da shi. Ƙaramin jirgin da ke rataye a baya, wanda ake saukewa don bin ɓarayin teku, shi ba ƙarfe ba ne ma, wani haɗin zare ne da ƙaro. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasu dunƙulen ƙarfe masu taushi da ya ce ana mannawa a ƙarƙashin jirgin. Gishiri ya fi son su, sai ya yi ta cin su ya ƙyale jikin jirgin, in sun cinye a sa wasu. Na yi ta tunanin Inna.

Na tambaye shi nawa ake sayen irin wannan. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin takardar ba, kuma ko ya gani sifilin zai sa shi jiri. Ya ce amma saye ba shi ne tsadar ba, riƙo ne: fenti, da mai, da kayan gyara da sai an aiko daga ƙetare, da koyar da mutanen da za su iya da shi. Na fara lissafawa da dala a zuciyata yadda muka saba, na ga dala ba ta da numfashin hawa wannan tsani. Yaya Idi ya ɗauko wani ɗan famfon tagulla da bai fi dunƙulen hannuna ba, ya ce, "Kin ga wanga? Ya hi jirgin Baba guda tsada." Da alfahari ya faɗa. Yana gama faɗa sai ya sunkuyar da kai ya mayar da shi inda yake a hankali.

Shef Kojo ya nuna mini wata 'yar na'ura mai igiya da ake dangwalawa a jikin ƙarfe ta faɗi kaurinsa. Ya ce ita ma bugawa take ta saurara, sai dai kunnenta ya fi namu. Amma shi, in ji shi, da guduma yake farawa.

Muka je goshi. Ya miƙo mini, na buga. Ƙarfen ya amsa da wata murya doguwa mai tsabta, na ji ta har cikin haƙorana. Ya karɓa ya buga da kansa, sai na ga ya rufe ido ya karkatar da kai gefe. Da ba don launin rigar ba, da na ce Baba ne. Muka je ciki, kusa da injuna, nan ma haka. Muka je baya, wani lungu da sai an durƙusa. Na buga sau ɗaya, tas. Na matsa kaɗan na sake bugawa. Sai ya amsa a daƙushe, kamar mai mura.

Shef Kojo ya karɓi gudumar, ya buga wurin, ya buga kewayensa, idonsa a rufe. Ya zaro guntun alli daga aljihu ya zagaye wurin, bai fi faɗin faifai ba. Ya ce tsatsa ce ta ɓuya a ƙarƙashin fenti, inda ruwa ke taruwa, kuma ba ta yi zurfi ba. Ya ce gishiri ba ya hutu, shi ya sa su ma ba sa yi. Nan take ya kira mutum biyu ya ce a kankare, a auna da na'ura, a shafe kafin magariba.

Da Yaya Idi ya rako ni ƙofa, sai ya riƙe hannun jakata.

"Ramatu, kar ki gaya mishi na bayan nan. Ki ce duka lahiya. Kin ji Shef ya ce ba komi ba ne."

"Yaya, in yi wa Baba ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, kahin ki isa an gyara. Kin san shi. In ya ji, shi ke nan, sai wata shekara biyu." Muryarsa ta sauka. "Ni dai ina so in ji ya ce Allah shi kiyaye, ko sau guda, kahin mu tashi."

Na naɗe gudumar cikin tsummanta na fita, ban yi masa alkawari ba.

Ranar Lahadi da asuba na kamo hanya, da lissafin zan kwana gida. Bayan Paraku motar ta fara tari, ta mutu a wani ƙauye da ban san sunansa ba. Muka zauna a gindin mangwaro tun azahar, direba da yaransa suna ƙarƙashin mota, fasinja suna ta zagin kamfani. Ba Hajiya Safiya wannan karon da za ta cika mini kunne, sai ni da tunanina. In na ɓoye, Baba zai sa albarka a kan maganar da ba haka take ba, kuma ni na san ranar da ya ba ni gudumar ba don na iya Faransanci kaɗai ya zaɓe ni ba. In na faɗa, Yaya Idi zai shiga ruwan nan marar ƙetare da hannu wofi, Inna kuma ta ci gaba da ture kwano. Na juya shi ta nan, na juya ta can, har aka gyara motar ta ja mu da ƙyar zuwa Kandi, inda ta sake mutuwa gaba ɗaya. A tashar muka kwana, kaina bisa jaka, gudumar tana tokare mini kunne.

Litinin da sassafe na shiga wata ƙaramar mota, mu huɗu a gaba, buhunan masara a baya. A Gene ta tsaya sauke kaya, ina kallon agogon waya kamar zan cinye shi. Tara da rabi ta wuce muka shiga Malanbil. Ban bi ta gida ba, na hau kabu-kabu kai tsaye zuwa bakin kogi.

Baba yana rumfarsa, wani sabon jirgi a kife a gabansa, Inna kuma tana zaune a kan turmi a gefe, abin da ban taɓa gani ba, don ba ta zuwa wurin aikinsa. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa tsumman. Ya warware, ya shafa kan gudumar, farcensa ya tsaya a kan wani ɗan ɓarɓashin fenti mai launin toka. Ya kai hanci ya sunsuna.

"To, Uwata. Goshi?"

"Tas, Baba. Muryarsa doguwa, ta fi ta katako daɗewa."

"Ciki?"

"Shi ma tas."

"Baya?"

Inna ta zuba mini ido. Ban san ko Yaya Idi ya kira ta ba, amma kallon roƙo ne. Na dubi ƙasa, na dubi hannun Baba a kan ƙotar.

"Baya akwai wuri guda da ya amsa da mura. Bai fi faɗin faifai ba."

Inna ta saki numfashi ta rufe fuska da mayafi. Baba bai motsa ba.

"Wa ya ji shi? Ke ko su?"

"Ni na fara bugawa. Sai babban makanikinsu ya karɓa ya sake bugawa."

"Da gudumata?"

"Da ita."

"Da yana bugawa, ina idonshi?"

"A rufe, Baba. Ya karkata kai kamar yadda kake yi."

"Sannan mi ya yi?"

"Ya zagaye wurin da alli. Ya kira mutum biyu ya ce a kankare a gyara kafin magariba."

Baba ya juya gudumar a tafinsa. Can ya ce, "Alli. Mu gawayi, su alli." Ya ɗan yi murmushi, na farko da na gani a fuskarsa cikin makon. "Da kin zo kin ce mini ko'ina lahiya, da na san ba ki buga ba, ko kuwa babu mai kunne a cikinsu. Babu jirgin da ba shi da wurin mura. Ƙarhe nawa?"

"Goma saura minti goma."

"Kira mini shi."

Na danna lambar Yaya Idi. Ta yi ƙara har sau biyar, na ce a raina an riga an karɓe wayoyi. Sai ya ɗauka, ana jin ƙugin inji a bayansa. Na miƙa wa Baba. Ya riƙe ta nesa da kunne kamar kullum, ya ɗaga murya.

"Idi? Ka ji ni? Wanga mutum mai alli, ka riƙe shi da kyau, inda ya sa ƙahwa ka sa. In ya buga ka rufe baki ka saurara. Allah shi kiyaye hanya. Allah shi kai ku lahiya shi maido ku lahiya. Allah shi yi maka albarka."

Ban ji abin da Yaya Idi ya ce ba. Baba ya saurara kaɗan, ya miƙo mini wayar, ya ce wa Inna, "Ba na hwaɗa muku ba? Kowa ya shiga cikinta sai mura ta kama shi."

Inna ta tashi ta ce bari ta je ta ɗora tukunya, yunwa take ji. Ni kuwa na jingina da jikin sabon jirgin nan, katakonsa yana ƙamshi, rana ta ɗumama shi. Abu na ƙarshe da na ji kafin barci ya ɗauke ni shi ne Baba yana zagaya shi a hankali, yana bugawa kusa da kaina.